Ƙodar da Aka Ce a Jira

Warin albasa ne ya tare mu tun kafin mota ta tsaya. Wanda bai taɓa shiga Aliero lokacin cirar albasa ba zai ɗauka irin warin nan ne na madafa, wanda ke sa hawaye ya wuce. Wannan daban yake. Wari ne mai nauyi, na ganyen da aka yanke aka bari a rana, haɗe da na 'yan ƙwayoyin da suka fara ruɓewa a ƙarƙashin tsibi. Yana kama mayafi, yana kwana a gashi. Inna ta ja gefen gyalenta ta rufe hanci. Tun da aka fara yi mata wankin ƙoda kowane wari yake tayar mata da zuciya, amma ba ta taɓa yarda mu wuce ƙofar gidan ƙaninta ba mu tsaya ba.

Daga Sakkwato muke, za mu gida Jega. Ƙodojin Inna duka biyu sun daina aiki, injin asibiti ne ke wanke mata jini. In an yi wankin takan sami 'yan kwanaki na sauƙi, sai ƙafafu su sake kumbura, numfashi ya sake gajarta, mu sake hawa hanya. Tun farko likita bai ɓoye mana ba: injin jinkiri ne kawai, abin da zai tsayar da ita a duniya shi ne wani ya ba ta ƙoda ɗaya daga cikin nasa. An auna ni, jininmu bai zo ɗaya ba. Baba hawan jini ya hana shi. Ƙannena yara ne. Sai ya rage Kawu, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka saura a ɗakinsu.

Kawu babban dillalin albasa ne, motocinsa har kudu suke zuwa. Ba zan ce marowaci ne ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. Motar da muke ciki tasa ce, direban nasa ne, kuma bai taɓa bari Baba ya buɗe baki a kan hidimar asibiti ba. Lokacin sanyi, da jarrabawa ta riƙe ni a makaranta, shi da kansa ya ajiye kasuwa ya riƙa kai Inna Sakkwato, har na yi ta sa masa albarka a zuciyata. Komai yana bayarwa da hannu biyu. In dai aka zo maganar gwajin jininsa ne sai ya gyara hula ya ce, “Bari dai a cire albasa, Yaya. Ina nan, ina za ni?”

To, ga albasa an cire. Ga ta nan tsibi-tsibi tun daga bakin titi har ƙofar zaurensa, ana zuba wata a buhu, ana ɗora wata a rudu, rumbun karan da ake ajiye ta ta sha iska har ta yi tsada. A ranar na shiga gidan da niyyar in ji an sa rana.

Mun tarar da gida cike, domin ɗan farin Kawu ya dawo hutu daga Turai, inda yake karatun digiri na uku. Ba likitan asibiti ba ne, amma tun kafin ya hau jirgi kowa a dangi ke ce masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Taubashina ne, ni 'yar mace shi ɗan namiji, don haka tun muna yara ba mu da gaisuwa sai tsokana, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Tsakaninsa da ubansa kuwa akwai kunyar ɗan fari, irin ta gidajenmu, wadda ba a sassauta ta ba ko kaɗan. Kawu ba ya kiran sunansa. Ba ya duban fuskarsa. Ba ya yi masa magana baki da baki, sai dai ya dubi wani ya ce, “A gaya wa yaron ga.” Shi ma Dakta in ubansa na wuri kansa a ƙasa yake, muryarsa ba ta wuce gwiwarsa. Uwarsa Hajiya ta fi ma tsanani, in ya shigo ta wannan ƙofa sai ta tuna tana da aiki a waccan. Da ina ganin kyawun abin. Ina ganinsa kamar ƙauna ce da ta yi yawa har aka rufe ta da faifai don kada ido ya taɓa ta. A ranar na ga abin da za a iya ɓoyewa a ƙarƙashin faifan.

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a rumfar tsakar gida, aka jingina ta da filo. Na ba ta ɗan guntun ƙanƙara ta tsotsa, don an ƙayyade mata ruwa, ga zafin bazara. Dakta ya zo ya durƙusa gabanta. Ita ce ta yaye shi, a ɗakinta ya yi wayo, da ita kaɗai yake sakin jiki.

“Goggo, ya jikin?”

“Jiki ya gode Allah. Kai dai ka yi fari ka rame, ba su ba ka tuwo can? Wai mi kake karantawa haka da ba ya ƙarewa?”

Sai ya ciro waya. Mata suka matso, yara suka leƙo ta ƙarƙashin hammata. Kawu na zaune can gefe a kujerarsa, ya ba mu rabin baya, yana ɓare busasshen ɓawon wata albasa da babban yatsa, wai shi ba ya ji.

Abin da na gani a wayar nan har yau yana idona. Wani ɗan dunƙule ne a kan baƙin fili, cike da zare-zare kore da ja da shuɗi, sun nannaɗe juna kamar aikin hular da aka yi wa mai sarauta. Dakta ya ce ƙoda ce, amma ba daga cikin kowa aka ciro ta ba, a ɗakin bincikensu aka rene ta. Sukan ɗebi ƙwayoyin halitta daga jinin mai ciwo, ko fatarsa, ko ma fitsarinsa, su mayar da su kamar na ɗan tayi, su riƙa ciyar da su da wani jan ruwa a cikin 'yan faranta, a akwati mai ɗumin jikin mutum. Sannu a hankali sai ƙwayoyin su haɗu, su fara yin 'yan bututu irin na ƙoda. Launin kuwa rini ne suke sawa don su gane sassanta. Ya ce amfaninta a ga yadda ciwo ke farawa, a kuma gwada magani a kanta kafin a ba mutum. Wannan ya faɗe shi sarai, na ji da kunnena, ba zan zalunce shi ba.

Ni kam na tafi. Ina kallon hoton ina tunanin ashe a cikin kowannenmu akwai irin wannan saƙa, a cikin duhu, ba mai gani, tana aiki tun ranar da aka haife mu ba ta taɓa neman a gode mata ba. Muryar Kawu ce ta dawo da ni.

“Yaya,” ya ce, bai juyo ba, “tambayi yaron ga, abin ga girmanshi kamar mi?”

Inna ta dubi Dakta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kamar ƙwayar gero, Goggo. Wani ya ɗan fi.”

“Ya ce kamar ƙwayar gero.”

“Gero!” Kawu ya yi dariya ya ɗaga albasar da ke hannunsa, ta cika masa tafi. “Irin wagga ko rabin ƙwayar gero bai kai ba. Tambaye shi, tana girma?”

“Tana girma da farko, Goggo, amma...” Sauran maganar ta zube a kan tabarma. Ni da ke kusa na tsinci “jijiya” da “ba ta wuce”. Inna ta fi ni kusa da shi.

“Ya ce tana girma,” in ji Inna.

“Kuma daga jikin mai ciwon aka ɗibar irin?”

“Ya ce har daga fitsari.”

Kawu ya ajiye albasar a cinya, ya tafa hannu sau ɗaya. Sai ya shiga yi wa bango bayani, da muryar da yake yi wa ƙananan dillalai. Ya ce shi ba a gaya masa reno, a cikinsa aka haife shi. Iri baƙi ne ƙanƙane kamar kashin ƙuda, a yayyafa shi a bedi, a rufe da ciyawa, a bi shi da ruwa safe da yamma. Ya fito siriri kamar gashi, wanda bai sani ba ya rantse ba zai yi komai ba. In ya yi ƙwari a cire a kai fadama, sai ga shi ya cika buhu. Ya ce duk abin da ya yarda ya tsiro, to ya yarda ya girma, sauran aikin ruwa ne da taki da haƙuri. Turawa ba su san haƙuri ba, shi ya sa tasu ke tsayawa a ƙwayar gero.

“To don mi za a tsaga mai lafiya,” ya ce, “a sa wa Yaya naman wani, jikinta ya zo yana faɗa da shi, alhali ga tata ta kanta za a rena mata? A gaya wa yaron ga ya ɗebi irin goggonshi ya tafi da shi. Abin da duk aka buƙata ni ne nan.”

Mata suka ɗauki kabbara. Wata tsohuwa ta ce ilimi ya yi rana. Hajiya daga bakin madafa ta share ido da haɓar zane, ba ta dubi ɗanta ba, amma har kunnenta yana murmushi. Dakta na durƙushe yana kallon yatsun ƙafarsa. Na jira ya ɗago. Na jira har ƙanƙarar da ke hannuna ta narke ta bi ta gwiwar hannuna. Bai ɗago ba.

Na same shi a waje bayan la'asar, a inuwar rudu, yana danna waya.

“Dakta, tsakaninka da Allah, abin nan zai taɓa zama ƙodar da za a sa wa mutum?”

“Ke baiwata, yaushe kika fara yi wa ubangidanki tambaya a tsaye? Durƙusa tukuna.”

“Ba wasa na zo yi ba.”

Ya dube ni, ya ga da gaske nake, sai ya sa wayar a aljihu. Ya ce ba ta da jijiyoyin da za su kai mata jini. Ba ta da hanyar da fitsari zai fita. In ta wuce ɗan girman nan sai cikinta ya fara mutuwa don abinci ba ya isa can, su zubar su sake wata. Ya ce ana ta ƙoƙari a duniya, wataƙila wata rana, wataƙila jikokinmu su gani. Ya faɗe shi tsaf, ba gargada, kamar mai karanta allo.

“To koma ciki ka faɗa haka.”

“Ni? Ga Alhaji? Ke kin san tun da aka haife ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Gaban mata da yara in ce ya yi kuskure?”

“Ka faɗa wa Inna ta faɗa masa, yadda kuka saba.”

“Ai na ce amma. Kina wurin, kin ji na ce amma.”

Na ji. Mutumin da ya ƙetare teku, wanda ke tsayawa gaban farfesoshi yana jayayya da su cikin harshensu, abin da ya iya kawo wa matar da ta yaye shi ke nan: amma guda ɗaya, ita ma ƙanƙanuwa, ya ajiye ta a ƙasa ya ja da baya. Na gaya masa haka. Na gaya masa abin da ya fi haka. Wasu 'yan dako da ke ɗinke buhu kusa da mu suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, “Taubasai ke nan, yau 'yar mace ta samu sa'a!” Dakta ya yi dariyar tare da su, har da nuna ni da yatsa. Ya gane cewa muddin ni ce mai maganar, duk abin da na faɗa wasa ne.

Haka Kawu ma ya karɓe ta. Kafin mu shiga mota na durƙusa gabansa na ce, “Kawu, Dakta ya ce abin nan ba ya girma ya kai a sa wa mutum. Na bincike ne kawai.”

“Ya ce? To ni ban ji ba. Yaya, kin ji?” Inna ta ci gaba da gyara zama a bayan mota. Ya shafa kaina. “Ɗiyata, bar kishin taubashinki. Ke ma in kin gama taki makarantar mu kai ki Turai ki reno mana hanta.”

Direba ya yi dariya. Aka sa mana buhun albasa a but ɗin motar.

Hanyar Aliero zuwa Jega ba ta da tsawo, amma ranar ta yi mini nisa. Na ce wa Inna ba ta ji ƙarshen maganar Dakta ba, bari in maimaita mata. Ta bar ni na gama, idonta a rufe. Sannan ta ce:

“Kin san kawunki ba shi da lambar rigakafi a hannu?”

Na ce ban sani ba.

“Muna yara a Andarai masu allura suka zo. Ina goye da shi tun yana jariri, innarmu ba ta da lafiya. Rannan ya ga an tsaga wa wani yaro hannu, sai ya sandare, ko kuka ya kasa. Na ɗauke shi na jefa cikin rumbun dawa na rufe, na zauna a gindi ina tsinkar zogale. Aka neme shi har bakin rafi. Da suka tafi babanmu ya gane, ni na sha dukan.” Ta yi ɗan murmushi. “Har yau in zai yanke farce sai ya kau da kai.”

“Inna, wancan yaro ne. Wannan har furfura gare shi.”

“Ke dai ba ni ƙanƙara.”

A lokacin na ɗauka rauni ne na mai ciwo, wanda ya gaji har ya kama duk abin da aka miƙa masa. Na je wa Baba da maganar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ana roƙon mutum gona, ana roƙonsa 'ya, amma shi bai san bakin da zai buɗe ya roƙi ƙanin matarsa naman jikinsa ba. Ko'ina na juya sai na tarar da wata kunya zaune a bakin ƙofa, ta yi kwalliya, kowa na gaishe ta.

Kafin Dakta ya koma aka aiko da kwalba da sabuwar kula cike da ƙanƙara. A lokacin fitsarin Inna ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya, sai da ta yini kafin a sami abin da ya rufe gindin kwalbar. Ta miƙo mini tana dariya don kunya, ta ce, “Yau ga abin da za a kai Turai.” Dakta ya karɓa da hannu biyu a ƙofar gidanmu, bai dube ni ba. Ban taɓa tambayarsa inda ya zubar ba. Nakan yi zaton bai wuce gadar bayan gari da ita ba. Kular dai na gan ta daga baya a gidansu, ana sa zoɓo.

Daga nan sai jira. Duk ranar kasuwar Jega Kawu zai biyo ta Sabon Gari, ya shigo da sallamarsa mai cika gida, da leda a hannu. Ƙodar rago ce, sabuwar yanka, shi da kansa yake zaɓa a wurin mahauta, wai ƙoda ke gyara ƙoda. Likita ya hana Inna kayan ciki tun tuni, an kuma gaya wa Kawu ba sau ɗaya ba. Ƙannena ne ke cinyewa. Ni ko warin suyar ba na iya tsayawa. Mutum ya zo gidan da ake jiran ƙodarsa ɗauke da ta rago a leda, ya zauna, ya miƙe ƙafa, a kawo masa ruwa.

Sai ya ciro waya ya miƙa wa Inna. “Yaya, kira yaron ga, a ji shukar ta kai ina.”

Inna ta kira, a buɗe murya. Daga can Dakta ya ce, “Goggo, ana kan aiki.”

“Ya ce ana kan aiki.”

“Madalla. A gaya mishi kada ya yi gaggawa. Wanda ya cire iri bai yi ƙwari ba shi ka asara.”

Wani lokaci Dakta ya turo sabon hoto, kore da ja, mai kyau kamar na farko. Allah kaɗai ya san daga jikin wa aka reno su, wata tsohuwar Baturiya ko wani wanda bai taɓa jin sunan Jega ba. Kawu yakan bi rumfunan 'yan albasa da hoton yana nunawa: “Ƙodar yayata ce, ɗana ka renon ta.” A kasuwa kunyar ba ta hana shi cewa ɗana. Har wani manomi daga Danwarai ya zo gidanmu da kwalba a aljihu, mahaifinsa na kwance da irin ciwon, yana roƙo a sa shi a layi. Ni na fita na gaya masa gaskiya, na ce ya kai tsohon asibiti. Ya dube ni kamar na hana shi abin da muke ci mu kaɗai.

Damina ta zo ta wuce. Jijiyoyin hannun Inna suka gaji da allura, aka koma wuya. Wurin ya riƙa kawo zazzaɓi. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa, fatarta ta yi wani toka-toka, tana yawan ƙaiƙayi. Duk da haka in mun iso Aliero sai ta ce a tsaya. A tafiyarmu ta ƙarshe an riga an yayyafa sabon iri, bedi-bedi a gefen hanya sun yi kore shar, siriri, iska na kwantar da su tana tayarwa. Ta daɗe tana kallo ta taga. Ta ce, “Bana irin ya yi kyau.” A wannan zuwan ba mu dawo da ita zaune ba. Ta cika da hantsi, a gadon asibiti, hannunta cikin nawa, tana tambaya ko an ba ƙannena abin kari.

A zaman makoki babu wanda ya kai Kawu kuka. Babban mutum, da rawani, yana shessheƙa har sai da aka riƙe shi. Ina daga cikin gida ina jiyo shi ta katanga yana gaya wa masu gaisuwa, “Saura kaɗan fa. Yaron ga ya ce ana kan aiki. Kwana ne ya ƙare.” Su kuma suna cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba kowane ɗan'uwa ne zai yi abin da ya yi ba. A nan kam sun yi gaskiya.

Dakta ya kira ni a waya. Bai ce baiwata ba. Ya ce, “Sai haƙuri,” sai na riƙa jin numfashinsa da ƙarar wata na'ura a bayansa, wataƙila akwatin nan ne mai ɗumin jikin mutum. Na jira ko zai ƙara wani abu. Da na ga amma ɗin ma yau babu, na kashe.

Ban tsani 'yan ƙodojin ba. Daga baya na nemi abin da aka rubuta a kansu na karanta, gwargwadon fahimtata, na ga aikin mutane ne masu haƙuri, waɗanda ba su taɓa cewa abin ya fi ƙwayar gero ba. Wani lokaci har yanzu nakan buɗe hotunansu in yi ta kallo. Ba su yi wa kowa alkawari ba. Suna zaune cikin jan ruwansu, suna nuna wa mai dubawa yadda ciwo ke shiga, su mutu a zubar. Mutane biyu ne suka ɗauki ɗaya daga cikinsu, suka raɓe a bayanta su duka, da rawani da digiri, kuma ta ɓoye su.

Shekaru sun shuɗe kafin na sake kwana a Aliero. Sunan ɗan farin Dakta ne ya kai ni. Dakta ya dawo gida, ya yi aure, ya yi ƙiba, kuma an ce ko kallon jaririn ba ya yi a gaban mutane, yana cewa “yaron ga”, tsofaffi na yaba tarbiyyarsa. Muna zaune a ɗakin Hajiya ana ƙulla goro da alewa, sai hira ta gangaro kan ciwon zamani, wannan sukari, wancan hawan jini. Hajiya ta ce ita dai Alhaji Allah ya ba shi jiki, ko ciwon kai bai cika yi ba.

“Ai likitocin Sakkwato ma sun faɗa,” ta ce, tana ƙulla leda da haƙori. “Lokacin ciwon innarku, da sanyin nan da ya riƙa kai ta da kanshi. Suka ɗebi jininshi, ya dawo gida ya kwanta kamar an yanka shi. Da sakamako ya fito suka ce ƙodarshi kamar ta saurayi, kuma ta dace da ta marigayiya kamar an auna. Tun ba a fara cirar albasa ba. Su biyu likitan ya zaunar ya gaya wa, shi da ita.”